Gwajin EEG: abin da na'urar ke ɗauka daga kai, da yadda ake karanta igiyoyin ƙwaƙwalwa

Tambaya: Assalamu alaikum Likita, barka da aiki. 'Yata ce mai shekara 8 take wani abu wata da watanni. Tana cikin magana ko cin abinci sai ta tsaya cak, ido a buɗe, a kira ta ba ta ji, can kuma sai ta ci gaba kamar ba abin da ya faru. Malamarsu ta ce ba ta maida hankali a aji. Mun kai ta asibiti an rubuta mana gwajin EEG, amma kakarta ta ce ba mai jona wa jikarta wuta a ka. Don Allah yaya ake gwajin nan, kuma me yake nunawa? Na kuma ga ana ta zancen igiyoyin alfa da beta a intanet, har da wani sauti da aka ce yana ƙara kaifin ƙwaƙwalwa. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba yarinya lafiya.

Ki gaishe min da Hajiya Kaka, ki kuma shaida mata cewa ba a sa wa kowa wuta a gwajin EEG, wato gwajin da ke ɗaukar motsin lantarkin ƙwaƙwalwa ya zana shi. Wayoyin da za a liƙa a kan yarinyar ɗauka kawai suke yi, daga kai zuwa na'ura. Babu allura, babu aski, babu zafi. Ina jin abin da ta ji labarinsa shi ne wani magani da ake yi a asibitocin masu taɓin hankali, inda ake sa wa majiyyaci barci sannan a bi da lantarki ta kansa na 'yan sakanni, saboda matsanancin ciwon damuwa da makamantansa. Wannan magani ne, kuma ba shi da haɗi da abin da aka rubuta muku. Idan hankalinta bai kwanta ba, ku tafi tare. Yawanci ana barin babba ɗaya ya zauna a ɗakin, ta gani da idonta.

Lantarkin da ake aunawa na yarinyar ne da kanta. Ƙwaƙwalwar mutum na ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma da caji suke aika wa juna saƙo: sinadaran gishiri irin su sodiyam da fotasiyam suna shiga ƙwaya suna fita, cajin ciki da na waje yana hawa yana sauka. Waɗanda na'urar ta fi ji su ne na ɓawon ƙwaƙwalwa, wato shimfiɗar nan ta sama mai kaurin milimita 2 zuwa 4, inda manyan ƙwayoyi suke tsaye a jere, duk sun fuskanci waje guda. Saboda wannan jeri ne cajinsu ke iya haɗuwa ya yi ƙarfin da zai ratsa ruwan ƙwaƙwalwa da ƙoƙon kai da fata. Duk da haka abin da ke isowa waje kaɗan ne ƙwarai. Da maikrobolt ake auna shi, kashi ɗaya cikin miliyan na bolt ɗaya, kuma a babban mutum yakan tsaya tsakanin 10 da 100. Batirin tocila da aka rubuta 1.5V a jikinsa ya ninka igiya mai maikrobolt 50 sau dubu 30. Shi ya sa babban aikin na'urar shi ne na amfilifaya: ta ƙara wa wannan ɗan motsi ƙarfi har a gan shi a fuskar kwamfuta.

Ga yadda nake fahimtar da ɗalibai abin. Ki ɗauka kin tsaya a bayan katangar makarantar allo. Lokacin da kowane almajiri ya duƙufa a kan allonsa, wannan yana wata sura wancan yana wata, abin da zai iso kunnenki gunji ne kawai, ba ki iya ware komai, alhali a ciki karatu ake yi tuƙuru. Da malam ya biya suka amsa baki ɗaya, sai ki ji sautin ya fito fili, yana tashi yana sauka a kan tsari. EEG a bayan katanga take. Ba ta jin ƙwaya ɗaya, ba ta ma jin dubu. Sai wani yanki na ɓawon ƙwaƙwalwa mai faɗin santimita murabba'i 6 ko fiye ya haɗa baki kafin a ga alamarsa a fatar kai. Daga nan wani abu ke fitowa da ke ba mutane mamaki: manyan igiyoyi masu kyan tsari sun fi fitowa lokacin da ƙwaƙwalwa ke hutu ko barci, idan kuwa ta duƙufa a kan aiki, layin sai ya ƙanƙance ya yamutse.

Abin ba sabo ba ne. A 1875 wani likita a Liverpool ta Ingila, Richard Caton, ya nuna akwai motsin lantarki a ƙwaƙwalwar zomaye da birai, amma sai da ya buɗe ƙoƙon kansu. Wanda ya fara ɗauka daga ɗan Adam shi ne Hans Berger, likitan masu taɓin hankali a Jami'ar Jena ta Jamus, a 1924. Mutum ne mai yawan shakka. Ya shekara 5 yana maimaita gwajin, a kan majiyyata da kan ɗansa Klaus, kafin ya yarda ya wallafa a 1929, kuma ko da ya wallafa masana ba su ɗauke shi da muhimmanci ba, ana ganin ƙila hayaniyar na'ura ce kawai yake zanawa. Sai a 1934 Edgar Adrian da Bryan Matthews na Cambridge suka tabbatar da maganarsa. Adrian, wanda ya riga ya karɓi kyautar Nobel a 1932, ya zauna a gaban taron masana aka ɗaura masa wayoyi a ka. Ya rufe ido, alƙalamin na'ura ya shiga zana igiyoyi sau 10 a sakan. Ya buɗe, suka ɓace. Har gobe ana yin wannan rufe ido da buɗewa a gwajin EEG.

To ga abin da za ku tarar. Mai ɗaukar gwajin zai zaunar da ita ko ya kwantar da ita, ya ɗauko tef ɗin awo da fensir mai laushi. Zai auna daga gindin karan hanci, tsakanin idanu, ya bi ta tsakar ka zuwa ɗan tudun ƙashin nan na ƙeya. Zai auna daga gaban wannan kunne zuwa gaban wancan, sannan ya zagaye kan. Sai ya riƙa ɗiga alama a kashi 10 da kashi 20 cikin 100 na kowane awo. Wannan tsari, da ake kira 10-20, Herbert Jasper na Montreal a Kanada ne ya gabatar da shi a 1958, kuma amfaninsa shi ne kan jariri da kan dattijo duk wuri ɗaya na ƙwaƙwalwa za a dosa, kuma likitan Zariya zai iya karanta abin da aka ɗauka a Yamai ko Alƙahira. A kowace alama zai buɗa gashi, ya goge fatar da wani kirim mai ɗan gautsi don kawar da maiƙo, sannan ya cika ɗan faifan ƙarfe da bai fi maɓallin riga ba da wani manne mai gishiri, ya danna shi a wurin, ya ɗora auduga. Galibi guda 21 ne, da ƙarin ɗaya ko biyu a ƙirji don bugun zuciya. Kowanne da sunansa: F na gaban kai, T na gefe sama da kunne, C na tsakiya, P na bayan tsakiya, O na ƙeya. Lamba mara kamar 1 da 3 ta hagu ce, cika kamar 2 da 4 ta dama. Idan kin ga an rubuta O1 a sakamako, ƙeyar hagu ake nufi. Wannan liƙe-liƙen ya kan ci lokaci kusan daidai da gwajin kansa, kuma a nan yara suka fi ƙosawa.

Kowane layi da za ki gani a kwamfuta bambanci ne tsakanin maɓallai biyu: na'urar tana cire cajin wannan daga na wancan ta zana abin da ya rage. Da haka take zubar da hayaniyar da ta shafi duka biyun. Amma ba duka take iya zubarwa ba, kuma rabin gwanintar karatun EEG sanin abin da ba daga ƙwaƙwalwa ya fito ba ne. Ƙwayar ido tana da cajinta, saboda haka duk ƙiftawa ɗaya sai layukan goshi su faɗa ƙasa su dawo. Yaro ya cije haƙora ko ya haɗiye yawu, layukan gefe su yi baƙi ƙirin da tsinin tsoka. Gumi yana sa layi ya riƙa lilo a hankali, har wanda bai ƙware ba ya zaci cuta ce, kuma a watan Afrilu a ƙasar Hausa, ɗakin da ba sanyi, wannan kullum ne. Sai wutar gari: a Najeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a sakan, kuma duk maɓallin da bai kama fata sosai ba zai kwaso ta, musamman idan da caja ko fanka a kusa, ko ana kan janareta. Don haka idan aka ce ki kashe waya ko ki daina taɓa gadon, ba tsirfa ba ce.

Ana ɗaukar minti 20 zuwa 30. Shafi ɗaya na fuskar kwamfuta sakan 10 ne, kin ga gwajin minti 20 shafi 120 ke nan da likita zai bi ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu ga igiyoyin. Rabon da aka yi musu na sauri ne kawai: sau nawa layi ya hau ya sauka a sakan ɗaya, abin da ake rubutawa Hz. Sunayen haruffan Girka ne, kuma ba bisa tsarin sauri aka jera su ba.

Alfa ce ta farko, ita Berger ya fara gani. Tana kaɗawa sau 8 zuwa 13, ta fi ƙarfi a ƙeya, inda sashen gani yake, kuma tana fitowa ne idan mutum yana farke, a natse, ido a rufe. Ya buɗe ido, ko a ce ya cire 7 daga 100 ya yi ta cirewa, sai ta dusashe. A kan alfa likita ya fi daɗewa, don tana ba da labari da yawa. Muna duba saurinta, muna duba ko hagu da dama sun yi daidai, muna duba ko tana amsa buɗe ido. Dattijon da alfarsa ta sauko ƙasa da 8 yana farke sosai, akwai abin dubawa. Wanda gefe ɗaya ya yi rauni ƙwarai, akwai abin dubawa a wannan gefen. A yara kuma da shekaru take tafiya. Jariri ɗan wata 3 zuwa 4 igiyar ƙeyarsa wajen sau 4 take yi, ɗan shekara 1 wajen 6, ɗan shekara 3 ya kai 8, daga nan ta ci gaba da hawa a hankali zuwa wajen 10. Wannan ya sa wanda ya saba da karanta na manya kaɗai yakan ga cuta a takardar yaro mai ƙoshin lafiya.

Beta ta fi sauri, daga sama da 13 zuwa 30, ƙanana ne, sun fi yawa a gaban kai, kuma su ne na mutumin da ke farke yana aiki da hankalinsa. Magungunan sa barci da kwantar da jijjiga irin su diyazefam, wanda aka fi sani da Valium, da fenobabiton suna cika takarda da beta, har likita kan iya gane an sha su ko ba a faɗa masa ba. Sama da 30 akwai gamma. Masu bincike suna sha'awarta ƙwarai, amma a gwajin asibiti na yau da kullum tsokar kai da ta fuska suna rufe ta, ba a cika dogara da ita ba.

Teta tana tsakanin 4 da ƙasa da 8. A yara tana nan ko suna farke, a manya kuma ita ce ta gyangyaɗi, daidai lokacin da alfa ta fara yayyankewa ido ya fara lilo. Delta ce mafi nawa, ƙasa da 4, kuma ita ta fi girma. A barci mai nauyi ita ke mamaye kai gaba ɗaya, kuma haka ake so, a wannan barcin ne za ki ɗauki yaro daga tabarma zuwa gado bai sani ba. Amma delta a babban mutum da ke zaune yana magana, musamman idan daga wuri ɗaya take fitowa ba ta yankewa, tana nuna wannan wurin ya samu rauni: ƙari, ko shanyewar ɓarin jiki, ko tsohon bugu. Grey Walter na Ingila, wanda ya raɗa mata sunan, da ita ya gano mazaunin ƙari a ƙwaƙwalwa a 1936, tun babu hoton CT ko MRI. Yau waɗannan hotuna sun karɓe wannan aiki. Su suna nuna ginin ƙwaƙwalwa, EEG tana nuna aikinta daga sakan zuwa sakan, saboda haka ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya.

Barci kansa hawa-hawa ne. Bayan gyangyaɗi akwai matakin da wasu gajerun igiyoyi masu sau 12 zuwa 14 ke fitowa a tsakar ka, su kumbura su lafa cikin sakan ɗaya ko biyu. Sai barcin delta. Sai kuma wanda Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman suka gano a Chicago a 1953, inda idanu ke ta zirga-zirga a ƙarƙashin fata, jiki ya saki laƙwas, amma takardar ta yi kama da ta mai farke. A nan aka fi yin mafarki. Zagaye ɗaya wajen minti 90 ne, ana maimaita shi har asuba.

Kin ga ke nan babu igiya mai kyau ko mara kyau a karan kanta. Kafin a ce komai sai an san ta wane ne, shekarunsa nawa, yana farke ko yana barci, a wane sashen kai, kuma wane magani ya sha. Ita kanta alfar da ake ta yabo a intanet, akwai majiyyatan da ke cikin dogon suma bayan tsayawar zuciya da za a ga igiya mai saurin alfa ta rufe kansu duka, ba ta amsa kira ba ta amsa tsunkuli, kuma wannan ba alamar alheri ba ce. Akwai kuma lafiyayyun mutane masu kaifin basira da alfarsu da ƙyar ake ganinta.

Mu dawo kan yarinyarki. Ban gan ta ba, likitan da ya duba ta shi zai yanke, amma abin da kika bayyana ya yi kama da wata irin farfaɗiya ta yara wadda ba a faɗuwa ba a jijjiga, ɗaukewar hankali ce kawai ta wajen sakan 10. Takan fara tsakanin shekara 4 da 10, ta fi kama 'yan mata, kuma tana iya zuwa sau da dama ƙwarai a yini ɗaya ba tare da an lura da mafi yawansu ba. Yarinyar da ake yanke mata bayanin malama haka a kai a kai dole ta zama kamar ba ta maida hankali, kuma da yawansu sun sha bulala a kan abin da ba laifinsu ba. A wannan cuta EEG ta fi nuna bajintarta. Ana cikin alfa lafiya lau, sai kwatsam duk layukan, hagu da dama, su ɗauki zane iri ɗaya: tsini, sai babbar igiya, tsini, sai babbar igiya, sau 3 a sakan, da ƙarfin da ya ninka na alfa sau da yawa. Bayan 'yan sakanni ya yanke kamar yadda ya fara. Frederic Gibbs da Hallowell Davis da William Lennox ne suka fara bayyana shi a Boston ta Amurka a 1935, kuma wanda ya taɓa ganinsa sau ɗaya ba ya mantawa.

Ba zama za a yi ana jiran ya zo don kansa ba, tsokano shi ake yi. Za a ba ta 'yar fankar takarda ko ƙyalle a ce ta yi ta hurawa da dogon numfashi na minti 3. A mafi yawan yaran da ke da wannan cuta kuma ba su fara shan magani ba, kafin lokacin ya cika sai ki ga hurawar ta tsaya, hannu ya sauko, ido ya kafe, wataƙila fatar idon tana ɗan rawa. Mai gwajin zai faɗi wata kalma da ƙarfi, a ce "jan doki", idan ta dawo ya tambaye ta me ya ce. Ba za ta sani ba. Kada ki firgita idan kin ga haka, abin da aka zo nema ke nan, kuma shi ne dai wanda take yi a gida.

A nan akwai gargaɗin da ya shafe mu fiye da mutanen wasu ƙasashe. Wannan dogon numfashi yana fitar da iskar kabon daga jini, jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa su tsuke na ɗan lokaci. Ga mai sikila wannan haɗari ne, yana iya jawo shanyewar ɓarin jiki, don haka ba a yi masa. Idan tana da sikila, ko ma AS ce, ko tana da asma mai tsanani ko ciwon zuciya, ki faɗa tun kafin a fara, kada ki jira a tambaye ki. Bayan numfashin za a kunna wata fitila mai walƙiya a gaban idonta, a riƙa canja saurinta. Kaɗan ne daga cikin masu farfaɗiya haske ke tayar wa, ana dai dubawa ne.

Dalilin da ya sa nake son a yi gwajin kafin a fara magani shi ne akwai wata farfaɗiyar mai kama da wannan a ido. Ita daga wuri ɗaya take tashi, galibi sashen gefen kai. Ita ma mutum yakan kafe ido, amma takan kai minti ɗaya ko biyu, da tanɗar baki ko murza riga, kuma bayanta yakan rikice ko ya nemi barci. A takarda tsininta a gefe ɗaya yake. Maganinsu ya bambanta. Kabamazefin, wanda mutane suka fi sani da Tegretol, yana aiki sosai a ta biyun, amma yana iya ƙara tsananta ta farkon. Ita ta farkon etosuksimaid ko balfuret ko lamotirijin ake ba ta, kuma a 'ya mace likita zai yi tunani sau biyu a kan balfuret saboda illarsa ga ɗan tayi idan ta girma tana shan sa. Wannan ya isa ya hana kowa zuwa kemis ya ce a ba shi maganin farfaɗiya. Idan ta farkon ce, akwai abin farin ciki: tana jin magani, kuma yawancin yaran sukan rabu da ita kafin su gama balaga.

Sai dai kada ki ɗora wa takardar abin da ba za ta iya ɗauka ba. Gwajin na rabin awa ne cikin awa 24, kuma daga bayan ƙoƙon kai. A sauran ire-iren farfaɗiya, gwajin farko yakan fito ƙalau a wajen rabin masu cutar ko ma fiye, sai an maimaita, ko an hana mutum barci an ɗauka yana gyangyaɗi, sannan a kama. Wasu ba a taɓa kamawa. Don haka sakamakon da ya ce ba a ga komai ba bai wanke mutum ba. A ɗaya ɓangaren kuma akwai 'yan tsirarun lafiyayyu, musamman yara, da ke da tsini a takarda kuma ba za su taɓa yin farfaɗiya ba. Ni wannan ɓangaren ya fi damuna. Na'urori sun fara yawa a garuruwanmu fiye da ƙwararrun masu karanta su, kuma mai ƙaramin sani ya fi saurin ganin cuta: ƙiftawar ido, ko manyan igiyoyin da kowane yaro ke yi idan yana hura fanka, sai a rubuta an ga alamar farfaɗiya. Wanda ya suma sau ɗaya saboda yunwa ko tsayuwa a rana sai ya shekara da shekaru yana shan magani, ga sunan da ya bi shi, wanda kin san nauyinsa a wurinmu idan maganar aure ta taso. Saboda haka ki tambaya wa zai karanta. Likitan jijiyoyi na yara ko wanda ya samu horo a kan EEG ake so, kuma an fi samun su a asibitocin koyarwa da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya.

Farfaɗiya da labari ake gane ta, EEG tana dafa wa labarin ne. Kuma gani ya kori ji: idan abin ya zo mata a gida, ki ɗauka da waya, fuskarta da hannayenta su fito, ki kira sunanta ki taɓa ta ana cikin ɗauka. Bidiyon sakan 20 irin wannan yakan fi wa likita amfani fiye da dogon bayani. Yaron da tunani ne kawai ya ɗauke shi, da an taɓa shi zai juyo. Mai wannan cuta ba zai juyo ba sai ta sake shi.

Batun sautin intanet kuwa, ki riƙe kuɗinki da datarki. Abin da suke yi shi ne sa wa kunnen hagu sauti ɗaya, na dama wani mai ɗan bambancin sauri, su ce ƙwaƙwalwa za ta bi bambancin ta koma alfa. Binciken da aka yi a kai bai tsaya a magana ɗaya ba, kuma ko da alfar ta ƙaru, rufe ido ma yana ƙara ta kyauta, bai kuwa taɓa ƙara wa kowa haddar karatu ba. Idan sautin yana sa mutum ya natsu, ya saurara, ba laifi. Amma ba maganin farfaɗiya ba ne, ba kuma zai gyara karatun yarinyar da hankalinta ke yankewa ba. Haka nan na'urar EEG ba ta karanta tunani, ba ta auna basira. Abin dariya, shi Berger abin da ya fita nema ke nan tun farko. Yana saurayi a aikin soja doki ya kayar da shi a gaban keken igwa, saura ƙiris a take shi, a ranar kuma 'yar'uwarsa da ke can nesa ta ji a jikinta wani abu ya same shi har ta sa mahaifinsu ya buga masa talgiram. Ya kwashe rayuwarsa yana neman hanyar da tunani ke bi daga kai zuwa kai, bai same ta ba.

Ga shirin da za ki yi. A tsefe kitso tun jajibiri, a wanke kan da sabulu ko shamfu, a bar shi ya bushe, kada a shafa komai, ko man kitso ko man shanu ko basilin, don maiƙo yana hana maɓallan kama fata. Ta ci abincinta kafin ku fito, yunwa tana rage sukarin jini ta sa igiyoyi su yi nawa, sai a samu sakamakon da ba na gaskiya ba. Ban da shayi mai kauri, kofi ko lemo mai kafin a safiyar. Idan tana shan wani magani kada a tsayar sai likita ya ce, ki dai tafi da kwalinsa, har da na gargajiya idan ana ba ta. Idan an ce a rage mata barci, a kwantar da ita a makare a tashe ta da asuba, kada kuma a bari ta yi barci a mota. Ki gaya mata tun a gida cewa za a manna mata wayoyi a ka ta hura fanka, ba allura. Ku tafi da ɗankwali, don mannen zai bar farin dabbare a gashi, ruwan ɗumi ke fitar da shi. Kafin ku koma wurin likita da sakamakon, kada a bar ta ita kaɗai a bakin rijiya ko murhu, ko tsallaka titi, ko wanka a kududdufi, kuma a sanar da malamarta halin da ake ciki.